Karin Mahaifina da Kayan da Na Kama Shi da Su

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, mutum ne mai ƙarancin magana, amma duk lokacin da hannuwansa suka kama wani aiki akwai wani kari da yake rerawa a maƙogwaro, bakinsa a rufe, ba tare da furta kalma ko ɗaya ba. Da wannan karin muka buɗe ido, har ya zame mana tamkar wani sashe na gidan, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ya naɗe shi, domin abin da kunne ya saba ji kullum ba a kawo wa rai cewa wata rana zai yanke. Ya rasu a shekarar 2008. Bayan kamar shekara guda sai na lura cewa karin yana nan a kaina, amma ya fara zaizayewa. Farkonsa ina da tabbaci a kai, tsakiyarsa kuwa yau ta zo mini haka, gobe ta zo mini daban. Tsoron kada in wayi gari ya ɓace gaba ɗaya shi ne ya tura ni ga tsara kiɗa, ni da ban taɓa zama a ajin kiɗa ba. Har yau aikin ofis nake yi da rana, kiɗan kuwa sai dare ya raba, gida ya yi tsit.

Abin da na mallaka a lokacin shi ne wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan makirufon da ke jikinta. Na sauke manhajar Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara rubutawa a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2000. Na danna jan maɓallin naɗi, na rufe baki, na rera yadda Baba yake rerawa. A daren ne na fara ganin sauti da idona, zane mai tudu da kwari yana miƙewa a fuskar kwamfuta, inda na ɗaga murya ya yi kauri, inda na ja numfashi ya zama siririn layi. Na ji sanyi a raina domin aƙalla wani abu ya tsira, amma ban gamsu ba. Muryar tawa ce, ƙugin fankar kwamfutar yana ƙarƙashinta, kuma duk inda na kauce babu gyara sai in sake rerawa tun daga farko. Naɗin murya kamar hoto yake, abin da ya ɗauka ya ɗauka ke nan. Ni kuwa ina bukatar wurin da zan shimfiɗa karin amo bayan amo, in riƙa matsar da kowanne har ya zauna inda kunnena ya amince.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda Didier Dambrin ya fara ginawa a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops kafin a sauya mata suna a 2003. Abin da ya kama hankalina a cikinta shi ne allon zana amo. A gefen hagu maɓallan fiyano ne a jere daga ƙasa zuwa sama, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama, a tsakani akwai layuka kamar na takardar lissafi. Idan ka danna linzamin kwamfuta a wani gida sai wata 'yar sanda ta bayyana: tsayin wurin da ta zauna shi ne tsayin amon, tsawonta kuma shi ne daɗewarsa. Ga mutumin da bai iya karanta rubutun kiɗa ba, wannan allo buɗaɗɗiyar ƙofa ce. Na kwana ina rera amo guda, ina hawa da sauka a kan maɓallai har in ji wanda ya yi daidai da shi, kuma kafin gari ya waye na sami amo takwas na farkon karin a jere. Da na danna maɓallin kunnawa, wani sirantaccen sautin fiyano ya maimaita su, sai da na ɗauke hannuna daga kwamfutar na yi shiru na ɗan lokaci.

Sai da na yi watanni ina wannan zane kafin in fahimci cewa sandunan nan ba sauti ba ne, umarni ne, kuma sunan yaren da ake rubuta umarnin da shi MIDI. Kafin 1983 na'urar kiɗa ta wani kamfani galibi ba ta iya magana da ta wani kamfani kai tsaye. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suna cikin waɗanda suka jagoranci samar da yare guda, kuma a watan Janairu na 1983, a wajen baje kolin kayan kiɗa na NAMM a jihar Kalifoniya, aka haɗa na'urar Prophet-600 ta Sequential da Jupiter-6 ta Roland da waya ɗaya, aka danna maɓalli a wannan, waccan ta amsa. Saƙon da ke bi ta wayar ɗan ƙarami ne ƙwarai. Yana faɗin tashar da za a bi daga cikin tashoshi 16, da lambar amon daga 0 zuwa 127, da kuma ƙarfin da aka danna maɓallin da shi, shi ma a kan ma'aunin da ke tsayawa a 127. Lamba 60 ita ce amon tsakiyar fiyano, lamba 69 kuma ita ce amon da ke girgiza sau 440 a daƙiƙa guda, wanda ake daidaita sauran a kansa. Idan aka saki maɓallin, wani saƙon ya tafi ya ce a daina. Da na gane wannan sai al'amarin ya warware mini: karin yana zaune a gefe guda, muryar da za ta rera shi tana wani gefen, kuma ina iya sauya muryar sau ɗari ba tare da na taɓa karin ba.

Zane da linzami yana da iyakarsa, domin duk sandar da ka ajiye tana fitowa da ƙarfi iri ɗaya, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka gyara. Saboda haka na sayi ƙaramin allon kiɗa mai maɓallai 49, irin wanda ba shi da sautin kansa, aikinsa kawai ya aika saƙon MIDI zuwa kwamfuta ta wayar USB. A nan na ci karo da matsalar da ta kusa karya mini gwiwa. Ina danna maɓalli, sautin ba ya fitowa sai bayan ɗan jinkiri, kuma wannan jinkirin, duk da ƙanƙantarsa, ya isa ya hana yatsa da kunne su tafi tare. Na ɗauka hannuna ne bai iya ba, ashe lissafi ne. Kwamfuta tana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kamar yadda yake a faifan CD, amma ba ta fitar da shi awo ɗaya-ɗaya, sai ta tara ƙunshi ta sarrafa sannan ta miƙa. Idan ƙunshin ya kai awo 2,048, jinkirin ya haura milisakan 46, wato kashi 46 cikin dubu na daƙiƙa, kamar ka tsaya mita 16 daga lasifika. Idan aka rage shi zuwa 128 sai ya dawo ƙasa da milisakan 3, wato kusan lokacin da sauti ke ɗauka ya ratsa mita guda a iska. Katin sautin da ke cikin tsohuwar kwamfutata ba ya jure ƙaramin ƙunshi, da na rage sai sautin ya fara tsattsagewa. Maganin shi ne ɗan akwatin sauti na waje mai ƙofofin shiga biyu, wanda ke aiki da tsarin ASIO na kamfanin Steinberg, tsarin da ke buɗe wa manhaja gajeriyar hanya zuwa na'urar sauti. A ganina, bayan kwamfutar kanta, babu abin da mai tsara kiɗa a ɗakinsa ya kamata ya fara nema kamar wannan akwatin. Ranar da na jona shi na saita ƙunshin a 128, na ji sautin yana fitowa a ƙarƙashin yatsana kamar daga jikin maɓallin yake.

Daga nan na buga karin da hannuna na naɗe shi, sannan na yi amfani da wani umarni da ke cikin kusan kowace manhajar tsara kiɗa, wanda ke jan kowace sanda ya ɗora ta daidai a kan layi mafi kusa. A ido komai ya yi tsaf, amma da na saurara sai na ji karin ya zama baƙo. Baba yana da wani wuri, bayan amo na biyar, inda yake ɗan dakatawa kamar mai sauke kaya, sannan ya shiga na shida a makare kaɗan. Wannan makarar ita ce shi, kuma umarnin ya share ta. Na koma na warware abin da na yi, na koyi amfani da umarnin da rabin ƙarfinsa a kan bugun da ke rakiya, shi kuwa karin na bar shi yadda hannu ya zo da shi. Daga baya ma na koyi zana saurin bugun gaba ɗaya a matsayin layi mai hawa da sauka, ta yadda sauran kayan kiɗan za su jira karin a inda yake numfasawa.

Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne amo na uku. Duk maɓallin da na gwada, fari ko baƙi, kunnena ya ƙi shi: wannan ya yi sama, na ƙasansa ya yi ƙasa. Na daɗe ina zargin tunanina kafin in san cewa fiyano yana raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai wa daida, kuma masana sun sake kasa tazarar kowane maɓalli da na kusa da shi kashi 100. Muryar ɗan Adam ba ta san da wannan rabon ba, tana sauka inda ta ga dama. Na kunna wata 'yar manhajar auna amo, na rera wurin sau da yawa a darare daban-daban, kuma kusan kowane lokaci allurar tana tsayawa wajen kashi 30 ƙasa da maɓallin. Ashe amon yana zaune ne a cikin tsagar da ke tsakanin maɓallai biyu. Abin farin ciki, waɗanda suka tsara MIDI sun bar ƙofa ga irin wannan, domin akwai saƙon lanƙwasa amo mai matakai 16,384, wanda galibi ake saita shi ya kai tazarar maɓalli biyu sama da biyu ƙasa. Na zana ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin wannan sanda guda, na sauke ta kashi 30, kuma da na kunna sai tsigar jikina ta tashi. Tun daga ranar na daina ɗaukar maɓallan fiyano a matsayin alƙalin abin da yake daidai. Ma'auni ne mai amfani ƙwarai, amma idan suka saɓa da abin da kunne ya riƙe tun ƙuruciya, kunnen nake bi.

Neman muryar da za ta ɗauki karin ya kai ni wata duniya mai faɗi. Da farko sautukan tsarin General MIDI na 1991 nake amfani da su, jerin kayan kiɗa 128 da aka ba kowanne lamba, aka kuma ware tasha ta 10 ga ganguna. Sannan na san ƙananan manhajojin da ake liƙawa a cikin babbar manhaja, bisa tsarin VST da Steinberg ya fito da shi a 1996. Wasunsu suna ƙirƙirar sauti da lissafi tsantsa, suna kwaikwayon na'urori irin su Minimoog na 1970 da Yamaha DX7 na 1983. Wasu kuma, kamar Kontakt na kamfanin Native Instruments da ke Jamus, suna kunna naɗin kayan kiɗa na gaske, inda aka sa makaɗi ya buga kowane amo a hankali da kuma da ƙarfi, aka naɗi kowanne daban. A nan na yi asarar kusan shekara biyu. Na tara ɗaruruwan sautuka na kyauta, kowane dare ina sauke sabo ina gwadawa, kuma a tsawon wannan lokaci ban ƙara wa karin amo ko ɗaya ba. Da na farga sai na share mafi yawansu, na bar fiyano ɗaya, da ganga mai taushin sauti, da celo, wato babbar gogen nan mai kaurin murya da ake jinginawa a tsakanin gwiwoyi. Celon ce ta fi kusa da muryar namiji mai rerawa da baki a rufe. Ita ma ba ta rayu ba sai da na koyi murza ɗan gargaren da ke gefen hagu na allon kiɗana yayin da amon yake tafiya, domin ya kumbura a tsakiya ya lafa a ƙarshe kamar numfashi.

Ɗakin da nake aiki shi ma ya koya mini nasa darasin. Na sayi ƙananan lasifikoki biyu na aikin haɗa sauti, amma abin da na daidaita a ɗakin yakan fito daban a wani wuri, musamman sautuka masu kauri. Dalilin shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, yana bugun bango yana dawowa, kuma a ɗaki mai tsawon mita huɗu amon da ke girgiza kusan sau 43 a daƙiƙa, da ninkinsa, suna taruwa a wasu wurare su ɓace a wasu. Na janye teburin daga kusurwa, na rataya abubuwa masu kauri a bango, na kuma saba gwada aikina a lasifikar kunne da ƙaramar lasifikar waya kafin in yarda da shi. Ina kuma kiyaye ƙarfin sautin, tun da na san cewa masana lafiya suna gargaɗi a kan daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma kunne shi ne kayan aikin da ba a sayen madadinsa.

A 2016 rumbun ajiyar kwamfutata ya mutu a dare ɗaya, ba tare da wata alama ba. Ina da kwafin wasu ayyukan a wani wuri, amma da na buɗe su a sabuwar kwamfuta sai na tarar da yawa sun zama kurame, domin wasu daga cikin ƙananan manhajojin da suka dogara da su na tsohon tsari ne mai bit 32, masu su kuma sun daina sabunta su. Kwafin aikin karin Baba kuwa ya lalace gaba ɗaya, ya ƙi buɗuwa. Na yi kwanaki ban iya kallon teburin ba. Ana cikin haka na tuna cewa shekarun baya na taɓa aika wa kaina fayil ɗin MIDI na karin ta imel. Na nemo shi, ɗan mitsitsi ne da bai kai kilobait goma ba, alhali minti guda na sauti mai ingancin CD yana cin kusan megabait goma. Na jefa shi cikin Reaper, manhajar da Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiro manhajar sauraron kiɗa ta Winamp, ya fitar a 2006, wadda na koma amfani da ita saboda sauƙinta a kan kwamfuta marar ƙarfi. Sandunan suka bayyana cif, da makarar amo na shida, da lanƙwasar amo na uku, babu abin da ya ɓace. Yaren da aka tsara a 1983 ya tsallake da karin daga wata manhaja zuwa wata ba tare da ya zubar da komai ba.

Tun daga lokacin kowane aiki ina ajiye shi ta fuska uku, a wurare biyu mabambanta: fayil ɗin manhajar, da fayil ɗin MIDI, da naɗin kowane kayan kiɗa shi kaɗai a tsarin WAV mai bit 24. Na kuma zauna na koyi rubutun kiɗa na layuka biyar da taimakon MuseScore, manhajar kyauta da Werner Schweer ya fara a 2002, domin ita tana kunna maka abin da ka rubuta nan take, kunne ya gyara wa ido. Da aka sanar a watan Agusta na 2024 cewa an daina haɓaka Finale, manhajar rubutun kiɗa da ta yi fiye da shekara talatin ana amfani da ita, na ƙara yarda da wannan ɗabi'a tawa. Karin Baba yanzu yana kan takarda, da ɗan rubutu da fensir a saman amo na uku mai cewa a sauke shi kaɗan.

Na kammala kiɗan a tsawon minti uku da 'yan daƙiƙu, celo tana ɗauke da karin, fiyano yana rakiya daga nesa, ganga tana shigowa a zagaye na biyu. Mutum na farko da na kira ya saurara ita ce yayata, wadda ta girme ni da shekara tara, ta kuma fi ni daɗewa tana jin Baba. Ban gaya mata ko mene ne ba. Na zaunar da ita a kujerata, na sa mata lasifikar kunne, na kunna. Kafin a kai amo na biyar ta dafe bakinta da hannu, kuma ba ta motsa ba har kiɗan ya ƙare. Ta cire lasifikar ta share idonta da gefen mayafinta, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Shi ne, wallahi shi ne. Amma ƙarshen ba haka Baba yake sauke shi ba. Kai ka bar shi a sama, shi kuwa yana dawo da shi ƙasa, inda ya fara."

Na ce, "Yaya, rera mini yadda kika san shi." Ta rufe baki ta rera amo huɗu na ƙarshe, kuma tun kafin ta gama na san ita ce da gaskiya, domin wannan yana cikin abin da ya zube daga kaina tun shekarar farko. Na durƙusa a gefen kujerar na buɗe allon zana amo, na kama sandar ƙarshe da linzami, na fara saukar da ita gida-gida, tana sauraro tana girgiza kai, har na kai wani gida ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan." Na adana fayil ɗin a wuraren biyu, sannan na mayar mata da lasifikar kunnen, ta ce in kunna mata daga farko.